Dambudzo Marechera, Marubucin da Ya Ƙi Shiga Sahu

A cikin marubutan Afirka na ƙarnin da ya wuce akwai waɗanda gwamnatoci suka ɗaure, akwai waɗanda aka tilasta wa gudun hijira, akwai kuma waɗanda aka toshe wa baki da muƙami. Dambudzo Marechera na ƙasar Zimbabuwe bai zauna daram a ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni ba, domin ya yi rigima da Turawan da suka mallake ƙasarsu, ya yi rigima da jami'ar Ingila da ta ba shi gurbin karatu, ya yi rigima da kamfanin da ya buga masa littafi, kuma da 'yan ƙasarsu suka karɓi mulki sai ya juya ya yi rigima da su. Ya rasu yana da shekara 35, littattafai uku kacal ya gani an buga masa, amma har yau idan ana lissafin marubutan da suka bijire wa al'adar zamaninsu a nahiyar nan, da wuya a ambaci wani kafin shi.

Abin da ya sa na ɗauko maganarsa shi ne, a zaman masu sha'awar adabi da muke yi jefi-jefi a nan Sakkwato na lura sunansa ya fara yawo a bakin samarinmu, musamman ɗaliban sashen Turanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma yawancin abin da suke ɗauka game da shi daga intanet labarin shaye-shaye ne da fasa faranti. Ra'ayina shi ne mutumin ya cancanci a karanta shi da natsuwa, kuma abin da ya sa ya cancanta ba shi ne abin da ya sa ya yi suna ba.

An haife shi ranar 4 ga Yuni, 1952, a Vengere, unguwar baƙar fata da ke gefen garin Rusape, a ƙasar da a lokacin ake kira Rodeshiya ta Kudu. Mulkin mallakar da aka yi a can ya sha bamban da wanda kakanninmu suka gani bayan 1903. A nan Bature ya zo ya yi mulki ta hannun sarakuna, ya karɓi haraji da jangali, amma bai ƙwace gonakin talakawa ya zauna a kansu da iyalinsa ba. A can zama ya zo yi. Dokar rabon ƙasa ta 1930 ta ware wa Turawa, waɗanda tsiraru ne ƙwarai, kusan rabin ƙasar, har da mafi albarkarta, aka tura 'yan ƙasa yankuna marasa kyau, waɗanda suka shigo birni neman aiki kuma aka cusa su a unguwanni irin Vengere, inda gidan da mutum yake ciki na hukuma ne, zamansa a ciki kuma ya rataya ne a kan aikinsa. A 1965 Ian Smith, firaministan gwamnatin Turawan ƙasar, ya ɓalle daga Birtaniya da gaban kansa don kada mulki ya koma hannun masu rinjaye.

Mahaifin Marechera ma'aikaci ne a ɗakin ajiye gawa na asibiti, mahaifiyarsa kuma aikatau take yi a gidajen Turawa, shi ne na uku cikin 'ya'ya tara. Mahaifin ya rasu a 1966, lokacin yaron yana da shekara 13, daga baya iyalin suka rasa gidan da suke ciki. Shi da kansa ya danganta in'inar da ta bi shi shekaru da wannan rashi, kuma ya riƙa ba da labarin mutuwar mahaifin nasa ta fuskoki daban-daban, ya danganta da wanda yake magana da shi. Wannan ɗabi'a ta sassaƙa tarihin kansa ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, shi ya sa duk mai rubutu a kansa sai ya yi taka-tsantsan. Littattafansa na farko, in ji shi, a jujin unguwar Turawa ya tsince su.

Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba shi. Ya yi sakandare a makarantar mishan ta St Augustine da ke Penhalonga, ya shiga Jami'ar Rodeshiya a 1972 don karatun adabin Turanci, aka kore shi a 1973 tare da ɗalibai masu yawa bayan zanga-zangar ƙin wariyar launin fata. A 1974 ya sami tallafin karatu a New College ta Jami'ar Oxford, a 1976 can ma aka sallame shi, bayan an ba shi zaɓi tsakanin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da barin makaranta, ya zaɓi tafiya. Daga nan ya shiga rayuwar gararamba a Ingila, yau ɗakin aboki, gobe kangon gida, har ya yi zaman kurkuku na 'yan watanni a Cardiff. A cikin wannan hali ya rubuta littafinsa na farko.

The House of Hunger, wato gidan yunwa, ya fito a 1978 a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, masu bangon nan ruwan lemo waɗanda duk wanda ya yi sakandare a da ya san su a ɗakin karatu. Dogon labari ne guda ɗaya da wasu gajeru a bayansa. Jumlar farko gajera ce, mai ba da labarin ya ce ya kwashe kayansa ya tafi, kuma daga nan har ƙarshe bai isa ko'ina ba. Yana zaune a gidan giya da tsofaffin abokai, tunaninsa yana kai-komo tsakanin ƙuruciya da yanzu, tsakanin abin da ya faru da abin da yake tsoron ya faru, ba tare da an yi wa mai karatu sallama ba idan za a sauya zamani. Karanta shi kamar ratsa fili ne da rana tsaka a watan Afrilu a garin nan, babu inuwar da mutum zai raɓa ya huta.

Inda littafin ya rabu da takwarorinsa shi ne yadda ya kalli wanda aka zalunta. Manyan littattafan Afirka na shekarun 1950 da 1960 sun ɗauki nauyin nuna wa duniya cewa kafin zuwan Bature muna da tsari da mutunci da hikima, kuma aiki ne da ya wajaba a lokacin. Marechera bai tashi a ƙauyen da ke da dattawa da dandali ba, a barikin ma'aikata ya tashi, don haka abin da ya gani shi ya rubuta: zalunci idan ya sauko daga sama ba ya tsayawa a kan wanda ya fara faɗa wa, gangarawa yake yi. Ɗan sanda ya doki miji, miji ya doki mata, uwa ta doki ɗa, babban ɗalibi ya doki ƙarami. Yayan mai ba da labarin yana zagin Turawa da baki, hannunsa kuwa a jikin yarinyar da ta haifa masa ɗa yake sauka. Akwai ɗan leƙen asirin 'yan sanda da kowa ya san shi, kuma ana shan giya tare da shi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wani ƙaton ɗalibi mai cin zalin yara a makarantar kwana, wanda marubucin ya siffanta da cewa ɗan kishin Afirka ne, mai ambaton Nkrumah, mai karanta littattafan Heinemann ɗin nan da ƙwazo, kuma shi ne ya lakaɗa wa wani raunanan yaro dukan kawo wuƙa. A 1978 ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, samari suna mutuwa a daji, sai ga ɗan ƙasa yana cewa iya taken kishin ƙasa ba ya hana mutum zama azzalumi, kuma ya faɗi haka a cikin jerin littattafan da yake yi wa shaguɓe.

Maganar harshe ma tana cikin littafin, kuma ta shafe mu. Akwai wurin da yaron ya dawo daga makaranta yana yi wa uwarsa Turanci bai ankara ba, ta mare shi, ya fusata ya yayyaga littattafansa, uban ya dawo ya nausa masa hannu a baki. Marechera da harshen Shona ya tashi, amma da Turanci ya yi rubutu, yana cewa Shona a wurinsa ya haɗe da ƙuncin unguwar da yake neman tsere wa, Turancin kuma sai ya murɗe shi ya wahalar da shi kafin ya faɗi abin da yake so. Akwai kuma wani dalili na zahiri. Tun shekarun 1950 gwamnatin Rodeshiya take da hukumar adabi da ke kula da buga littattafan Shona da Ndebele, kuma ba ta barin siyasa ta wuce, sai labarin tarbiyya da illar birni. Mu ma mun san irin wannan hukuma, domin daga gasar da Rupert East, Baturen hukumar fassara, ya shirya a 1933 ƙagaggun labaran Hausa na boko suka fara, kuma ba a nemi su taɓa mulkin Nasara ba. Bambancin shi ne mu muna da wata ƙofa da hukuma ba ta riƙe makullinta ba, wato rubutacciyar waƙa, wadda ta girmi boko, ana rubuta ta da ajami, ana haddace ta, almajirai da makafi suna rera ta a kasuwa. Ta wannan ƙofa Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da mawaƙan NEPU suka bi suka faɗi abin da suke so da Hausa, talaka kuma ya ji. Marechera bai sami irin wannan gado a hannunsa ba, sakamakon haka mutanen Vengere da ya rubuta wahalarsu ba su ne masu karanta shi ba.

A 1979 littafin ya ci kyautar ƙagaggen labari ta jaridar Guardian, tare da wani marubuci ɗan Ailan, Neil Jordan. A wurin bikin ne ya bugu ya riƙa jifa da faranti da kofuna, labarin da ya fi littafin kansa yawo. Ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci. Zimbabuwe ta sami 'yanci ranar 18 ga Afrilu, 1980, Robert Mugabe ya zama firaminista, duniya tana tafi. A shekarar ne littafinsa na biyu, Black Sunlight, ya fito, labarin wani mai ɗaukar hoto da ya faɗa cikin wata ƙungiyar 'yan tayar da ƙayar baya a ƙasar da ba a ambaci sunanta ba, inda juyin juya hali yake cin 'ya'yansa. A 1981 hukumar tace littattafai ta sabuwar ƙasa ta haramta shi bisa zargin batsa da saɓo, kuma dokar da ta dogara da ita ta zamanin Smith ce, ba a ko sauya mata riga ba. An ɗage haramcin bayan ɗaukaka ƙara. A gaskiya littafin yana da kalaman da ni kaina ba zan karanta a gaban 'ya'yana ba, kuma ba na ganin laifin uban da ya hana shi shiga gidansa. Amma hukuncin uba a gidansa daban, hukuncin gwamnati a kan ƙasa baki ɗaya daban, balle gwamnatin da jiya-jiya ita ake haramta wa takardu.

Ya koma gida a farkon 1982 tare da masu shirya fim a kan littafinsa na farko, lokacin ma ba a sauya wa babban birnin suna daga Salisbury zuwa Harare ba. Cikin 'yan kwanaki ya ɓata da su, suka yi gaba, shi ya tsaya. Ƙasar da ke neman marubutan da za su rera mata waƙar gina ƙasa ta sami mutum mai yawo da tafireta a jaka, yana kwana inda dare ya yi masa, da rana yana buga rubutu a kan bencin dandalin Cecil da ke tsakiyar birni. Daga wannan zama Mindblast ya fito a 1984, gaurayen wasan kwaikwayo da waƙoƙi da littafin tunani na yau da kullum, kuma abin da ke cikinsa ba'a ce ga sababbin manya: masu kiran juna 'yan gwagwarmaya da rana, da dare suna ƙulla ciniki da Turawan da suka yaƙa, masu wa'azin gurguzu daga cikin manyan motoci, da tsofaffin mayaƙan da aka watsar a titi. A shekarar, lokacin baje kolin littattafai na Harare, hukuma ta tsare shi kwanaki har baƙi suka watse.

A nan ne nake ganin darajarsa take. A waɗannan shekaru ne, daga 1983, runduna ta biyar ta sojan Zimbabuwe, wadda Koriya ta Arewa ta horar, take kashe fararen hula a yankin Matabeleland, kisan da ake ƙiyasta ya ci rayuka har kusan 20,000 kafin yarjejeniyar haɗin kai ta Disamba 1987, yayin da ƙasashen waje suke yaba wa Mugabe, jami'o'insu suna ba shi digirin girmamawa. Ba ina cewa Marechera ne ya tona wannan kisa ba, limaman Katolika da wasu 'yan jarida ne suka yi wannan aiki. Abin da ya yi shi ne ya ƙi yarda cewa sauya launin mai mulki ya sauya halin mulki, ya faɗi haka tun ana cikin shagalin biki, lokacin da faɗinsa yake sa a kira mutum maci amana ko mahaukaci. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1988, jaridar Chronicle ta Bulawayo ta fallasa yadda ministoci suke sayen motoci da rahusa daga masana'antar Willowvale suna sayarwa da kazamar riba, har wasu daga cikinsu suka sauka. Wanda ya karanta Mindblast bai yi mamaki ba.

Masu nazari sukan jera shi da marubutan bijirewa na Amurka na shekarun 1950, irin su Jack Kerouac da Allen Ginsberg, kuma ya karanta su, kamar yadda ya karanta Rashawa da Faransawa da Girkawan da, har ya gabatar da lacca a Harare a 1986 yana gwama Wole Soyinka da Dostoevsky. Akwai kama ta fuskar yawo da shaye-shaye da karo da masu tace littattafai, domin a 1957 an gurfanar da wanda ya buga waƙar Ginsberg gaban kotu a San Francisco kan zargin batsa. Sai dai waɗancan sun yi tawaye ne ga ƙasar da ta ƙoshi, suna gudun gida da mota da aikin ofis da aka shimfiɗa musu. Shi kuwa babu abin da aka shimfiɗa masa da zai guda. Kwanan titi a wurinsa komawa ce ga inda ya fito, kuma wannan ya sa rubutunsa ba shi da annashuwar yawon buɗe ido da ake ji a nasu.

Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, "Malam, ai irin wannan marubuci ba zai taɓa fitowa a ƙasar Hausa ba, mu biyayya aka koya mana." Na ce masa ya je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ya zauna. Garin nan da alƙalamin masu saɓa wa sarakunan zamaninsu aka kafa shi. Abin da ya fi wannan, tun jihadi bai ƙare ba, kafin a ci Alƙalawa a 1808, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga dukiya da sarauta da dawaki, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam, kuma ya bar mana kukansa a waƙoƙin da ya tara a Tazyinul Waraƙat. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ɗan gidan malamai ne na Bauchi, kuma da hujjar su Shehu ya gargaɗi sarakunan Arewa. Allah ya kiyaye in haɗa darajar waɗannan bayin Allah da ta Marechera, ko a ilimi ko a hali. Abin da nake nunawa shi ne sukar nasarar da kai ma ka yi wa wahala, tun tana sabuwa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Inda hanyoyin suka rabu shi ne, masu sukar namu suna da ma'auni a wajen kansu, Littafi da Sunna da maslahar jama'a, suna kuma da jama'ar da suke komawa cikinta su karantar. Marechera ya ƙi kowace irin jingina, ta ƙabila ko ta ƙasa ko ta launi ko ta aƙida, har ya yi kalami mai zafi ga duk marubucin da ya ce don wata al'umma yake rubutu. Wannan ya ba shi 'yancin ganin abin da 'yan jam'iyya ba su gani ba, amma ya bar shi ba shi da kowa. Waɗanda suka ba shi masauki da waɗanda suka ranta masa kuɗi da matan da suka kula da shi, da yawansu sun sha zagi da ɓarna a hannunsa, danginsa kuma ya nisance su ko bayan ya dawo gida. Ban yarda da masu cewa giya ce ta ba shi basira ba. Littafinsa mafi ƙarfi shi ne na farko, wanda ya rubuta yana da shekara ashirin da 'yan kai, na bayansa kuwa akwai shafuka masu walƙiya a cikinsu, akwai kuma shafuka da yawa da ke nuna mutumin da bai sami natsuwar komawa kan abin da ya rubuta ya gyara ba. Wanda ya haddace adabin duniya haka, da ya sami lafiya da ɗaki da shekaru, da abin da zai bari ya fi wannan.

Ya rasu a Harare ranar 18 ga Agusta, 1987, sakamakon ciwon huhu mai nasaba da ƙanjamau. Takardun da ya bari, waɗanda kamfanoni suka ƙi bugawa yana raye, wata masaniyar adabi Bajamushiya, Flora Veit-Wild, wadda ta san shi a shekarunsa na ƙarshe, ita ta tattara su ta shirya. The Black Insider ya fito a 1990, tarin waƙoƙinsa Cemetery of Mind a 1992, Scrapiron Blues kuma a 1994. Na farkon cikinsu tun a Landan ya rubuta shi, jim kaɗan bayan The House of Hunger, Heinemann ta mayar masa. Labarin wasu 'yan gudun hijira ne da suka fake a kangon ginin tsangayar adabi, suna ta muhawara a kan littattafai da launin fata da gudun hijira, yaƙi kuma yana matsowa daga waje har ya iso ƙofa.